Shamuwar Bana

Shekara talatin da huɗu Malam Illo ya yi yana bin tsuntsaye da ido, daga fadamun Tsarnawa har duwatsun Illela. Mutane na cewa ya rasa aikin yi, shi kuwa ko a jikinsa. Duk ranar da shamuwa ta fara sauka a tsamiyar ƙofar gidansa, sai ya zana ta a bangon zaure da gawayi da farar ƙasa, ya rubuta kwanan wata a ƙasa. Masu yi masa dariyar su ne kan zo leƙen bangon kafin su fito da iri.

Ya rasu da rani. Ko wata biyu ba a yi ba, ɗansa Muttaka, direban tirela, ya sauke siminti daga Malbaza, ya zo da magini Dauda. Zaure na kallon titi, shago zai yi kyau a wurin.

Sai suka tarar da Kande, matar marigayin, tsaye a jikin bango, hannunta baƙi ƙirin. Da safen nan shamuwa ta sauka, Kande kuma da ba ta taɓa zana ko da'ira ba ta ɗauki gawayi.

"Inna, mi kika yi nan? Yau za mu shahe bangon ga."

"Shahe shi, amma ka hwara da bayana. Shamuwa ta zo, wa kake so ya rubuta ta?"

Dauda ya ajiye cokalinsa na gini, ya ce shi ba ya shiga tsakanin uwa da ɗa. Ran Muttaka ya ɓaci. Ya matso don ya janye ta da lallami, idonsa ya faɗa kan abin da ta zana. Gaskiya abin bai yi kyau ba, ya fi kama da kazar da ruwa ya doka.

"Wanga ba shamuwa ba ta, Inna. Kin baƙanta ta duka. Cikinta hwari ne, ƙahwa kuma ta hi haka tsawo. Baba bai taɓa..."

Kande ta miƙa masa ƙwaryar farar ƙasa.

Ya daɗe yana kallon ƙwaryar. Daga baya ya naɗe hannun riga, ya durƙusa, ya tambayi Dauda yau nawa ga wata.