Numfashin Dalva

Dona Zulmira ta ƙwanƙwasa ƙofar garejin sau uku ba wanda ya ji, sai ta tura ta da ƙafa. Ƙarar da ta tare ta sai da ta sa ta dafa bango. Awa biyu ta yi a bas daga garinsu Santo Amaro zuwa birnin Salvador tana tisa abin da za ta faɗa, ga shi yanzu ko tunanin kanta ba ta ji.

Makaɗa biyar ne a ciki, wayoyi sun harɗe a ƙasa kamar taliya. Shugabansu Edvaldo, ɗan yayarta marigayiya Dalva, ya ɗaga hannu aka tsaya.

"Inna, ai da kin ce kina tafe da na tarye ki a tasha."

"Da na ce ina tafe da ka ɓoye abin da na zo ji. Sa min shi."

Shekara hamsin ita da Dalva suka yi suna waƙar gargajiya ta samba a dandalin garinsu. Dalva ta ba da waƙa, Zulmira ta amsa tana karta wuƙa a bakin faranti, yadda uwarsu ta koya musu. Tun da aka binne Dalva shekara biyu ke nan, farantin ya koma na cin abinci, bakin Zulmira kuma ya mutu. Sai shekaranjiya maƙwabciyarta ta miƙo mata waya ta kan katanga. Ta ji muryar yayarta an yayyanka ta, an ɗora a kan wani gurnanin lantarki, kalma ɗaya tana maimaituwa har sau takwas. Ranar Asabar su Edvaldo za su yi wasa da ita gaban dubban mutane, abin da ta zo hanawa ke nan.

"Uwarka ba ta yi in'ina tana da rai ba," in ji ta, "sai da ta mutu kuka koya mata?"

Mai babbar ganga ya ƙyalƙyale da dariya, da ya ga idonta ya mayar da ita tari.

Edvaldo bai yi dariya ba. "Inna, mutum nawa suka rage da suka san waƙar nan? Daga ke sai tsohon nan Seu Nonato, shi kuma ko tsawa ba ya ji. Ke kin daina yi. Wannan kaɗai na ɗauka a waya, uwata na kicin tana suyar kifi, ba ni da wani. In kin ce a cire, yau zan cire, na yi alkawari. Amma ki saurara har ƙarshe."

Aka kawo mata kujera, ta zauna ta rungume jakarta. Taís, matar da ke kula da na'urorin, mai gashi rabi kore, ta danna wani abu. Ganga ta shigo da nauyinta, gurnanin ya biyo, sannan muryar Dalva. Zulmira ta so ta tsani komai, amma ƙafarta ta ci amanarta, tana bugun ƙasa a ƙarƙashin siket. Da Dalva ta kai ƙarshen baitin, bakin Zulmira ya buɗe da kansa zai amsa, sai ta tarar kiɗan ya riga ya wuce ta.

"Maimaita."

Aka maimaita, ta sake makara. Kunya ta kama ta, da wani tsoro da ba ta zo da shi daga gida ba. A shekara hamsin ba ta taɓa kuskure mashigarta ba, ko da zazzaɓi, ko da tsohon ciki. Wato ita ce ta lalace, ba waƙar ba?

"Ke mai gashin ganye, kina da na asalin? Wanda ba ku taɓa ba?"

Taís ta nemo shi. Ga ƙarar mai a kasko, ga Dalva tana korar kyanwa, sannan ta ɗauki waƙar. A ƙarshen baitin ta ja numfashi, dogo, da ɗan fito a ƙirji, wanda shekarun naɗin ganyen taba a masana'anta suka bar mata. Kafin numfashin ya sauka Zulmira ta shiga, daidai wurin, da muryar da ta yi tsatsa amma ba ta karkace ba. Ta kai amshin ƙarshe kafin ta lura Edvaldo ya juya wa kowa baya yana gyara wata wayar da ba abin da ya same ta.

"Ni na goge numfashin," in ji Taís a hankali. "Na ɗauka datti ne a cikin sautin."

"Datti." Zulmira ta jinjina kai. Ba ta ji haushin matar ba, don ita kanta sai yau ta sani. Duk zamaninsu ta ɗauka kiɗa take bi, ashe ƙirjin yayarta take saurare. "A kan wannan dattin nake shiga, 'yar nan. Mayar mata da numfashinta. Gurnaninku kuma ku yi ta yi, ba ruwana. In'inar ce dai sau takwas ta yi yawa, ku bar ta huɗu."

Ta buɗe jaka ta fito da farantin, da kek ɗin kwakwa a kai, don ko faɗa ta zo yi wa ɗan yayarta ba za ta zo hannu biyu ba. Ta juye kek ɗin a kan fatar ganga, mai gangar na kallo, ta goge farantin da gefen siket.

"Akwai wuƙa a wurin nan, ko ita ma kun sa ta cikin na'ura?"

Edvaldo ya kawo mata wadda suke yanka lemo da ita. Idonsa ya yi ja. "To Asabar fa, Inna?"

"In ban zo ba wa zai amsa mata?"

Ta aza wuƙar a bakin farantin, ta yi wa Taís alama da haɓa, ta sunkuyar da kai tana jiran yayarta ta ja numfashi.