Tsutsotsin Bana Sun Rame

Ya'u ya kafa ido a madubin ƙara girma, ya daɗe bai ɗago ba. A cikin ɗigon ruwa guda, wasu tsutsotsi sirara kamar zare suna motsi a kasalance.

"Malama Linda, waɗannan ai sun rame."

Linda ta san gaskiya ya faɗa. Shekara uku tana kiwon tsutsotsin nan a wani ofishin gona a Kabo, ana zuba su a ƙasa su shiga jikin gwazarma mai cin saiwar gyaɗa su kashe ta. Masu digiri sun leƙa madubin sun tafi suna yabo, sai ga Ya'u, manomin Getso da ya tashi a bayan shanu, ya gano da kallo ɗaya.

"Na bara baƙaƙe ne, cikinsu cike. Waɗannan kuwa fayau suke. Me kike ba su?"

Na bara a jikin gwazarma mai rai ta raine su, suka yi kitse. Kitsen nan shi ne guzurinsu, don ba sa cin komai a ƙasa sai sun sami ƙwaro. Bana aka ce babu kuɗi, a koma kiwo a soso da romo, a riƙa haɗawa da man gyaɗa. Man ya iso, ya kwana biyu a sito, ya bi motar shugaban ofis zuwa gida. Shi ne kuwa mai yi wa ma'aikata wa'azin amana kullum tun da aka ƙaddamar da Shari'a.

"Baba, romo ne zalla," ta ce, kunya ta rufe ta. "Bana ka sayi maganin feshi."

"Maganin da ya lalata wa matata Indo ƙirji? Na rantse na daina. Zuba min su haka, gyaɗar nan ita ce abincin gidana."

Ta zuba masa, tana jin haushin hannunta.

* * *

Bayan wata biyu manya suka zo daga Kano ganin gonar gwaji, wato gonar Ya'u, inda aka kafa allon aikin tsutsotsin. Gyaɗar Ya'u ta yi rawaya, ta kwanta. Tsutsotsin sun mutu a ƙasa tun kafin su kai ga gwazarma ko ɗaya.

Shugaban ofis ya dubi gonar, ya dubi ta maƙwabci da ta sha feshi, kore shar.

"Ku tumɓuke allon nan ku kafa a can."

Aka kafa. Manya suka jera, aka kira Linda ta tsaya a tsakiya, ta tsaya. Ya'u ya matso da tushen gyaɗa a hannu, babu saiwa babu 'ya'ya, yana so ya nuna musu.

"Baba," in ji mai hoto, "ɗan matsa gefe, kana shigowa."