Rodi a Cinyar Auta

Tsani ya zame, Auta ya faɗo kan ginshiƙin da ba a gama zuba wa kankare ba. Rodi ya shiga cinyarsa ta baya, ya leƙo ta gaba.

Leburori suka yi ca a kansa. Yayansa mai walda ya kutso tsakaninsu. Sai-an-jima ake kiransa a wurin ginin, don ba ya yanka ƙarfe sai ya zauna ya ƙare masa kallo.

"Yaya, cire ni! Don Allah cire ni!"

Ɗan kwangila ya daka tsawa. "Ku kama shi ta hammata, ku ɗaga sama!"

Har sun kama, mai walda ya ce, "Ku dakata."

"Yau ma sai an jima? Ƙaninka ne fa, ba ƙyauren shago ba!"

Mai walda ya matso. Ya durƙusa, ya tsura wa raunin ido. Zuciyarsa na ingiza shi ya fizgo ƙaninsa a huta, amma wani abu ya tsaya masa a rai. Rauni kamar wannan, jini kuma ɗan kaɗan? Me ya tare sauran?

"Ƙarfen ne ya toshe jinin," in ji shi. "Da shi za mu tafi asibiti."

Wani ya miƙo injin yanka. Ya ture shi, don girgizarsa kaɗai ta isa ta yaga naman. Ya sa aka tallabe Auta, ya ɗauki zarto, ya fara goga rodin ta ƙasa a hankali.

"Wallahi ba ka ƙaunata," Auta ya ce cikin kuka. "Da Inna na da rai..."

"Zage ni son ranka, amma kada ka motsa."

Leɓɓan Auta suka fara bushewa, zagin ya koma nishi. Idan lissafinsa kuskure ne, ƙaninsa zai cika a gabansa yana nan yana goge-goge, kuma ba wanda zai yafe masa, har shi kansa. Duk da haka bai ƙara sauri ba.

Ƙarfen ya rabu.

Da likita ta fito daga ɗakin tiyata, ta ce rodin ne ya danne babbar jijiyar jini. Da an zare shi a can, da Auta bai iso da rai ba.

Auta ya farfaɗo, ya ga yayansa zaune a gefensa.

"Yaya, ka daɗe fa."

"Na daɗe," in ji shi.