Da Sauƙi

Kaneng ba ta iya zama wuri ɗaya ba. Nas ce a wani asibiti a unguwar Jamaica, cikin Queens a birnin New York, kuma ko ranar hutunta ka leƙa ɗakinta za ka tarar tana sauya wa kujeru wuri. Abin da kawai ya ɗan kama ta shi ne doki. Tun tana yarinya a Jos take leƙen masu wasan folo a kan dawakai ta bayan shingen waya, sai ga shi a New York ta samu wata tsohuwa Baturiya mai barga can bakin ruwa, kusa da filin jirgi. Kaneng takan share mata barga ranar Asabar, ita kuma ta bar ta ta hau wata jar goɗiya mai suna Zalia.

Da maganar gasar dogon zango ta taso, tsohuwar ta ce ta fara da mil ashirin da biyar. Gasa ce ta cikin daji, doki da mahayi su yini suna tafiya, a tsaya a hanya likitan dabbobi ya duba dokin kafin a bar shi ya ci gaba. Kaneng ta ce to, ta je ta yi rajistar mil hamsin. A ganinta ashirin da biyar ta yara ce. Tsohuwar ta daɗe tana kallonta, sannan ta ce Zalia za ta iya, amma goɗiya ce mai zurfin ciki, ba ta nuna gajiya. In ta ƙi shan ruwa, a tsaya kawai.

Kaneng ta san masu zurfin ciki. Duk mutumin gida da aka kwantar a asibitinsu ita ake kira ta yi tafinta, kuma amsarsu ɗaya ce. Mutum yana murƙususu, ka ce yaya jiki, ya ce da sauƙi. Faɗa take yi musu ba kaɗan ba. Mahaifinta ma haka ya riƙa ce mata a waya daga Jos, da sauƙi, da sauƙi, har ranar da ƙaninta ya kira a madadinsa ya ce ya rasu. Tun daga nan ta tsani kalmar.

Tsohuwar ba ta iya doguwar tafiya saboda ciwon ƙugu, don haka Mahamudu ne ya ja su da motar ɗaukar doki zuwa dajin New Jersey. Maƙwabcin Kaneng ne, dattijo mutumin Kumasi, direban tasi. Bai san komai game da doki ba sai dai cewa yana harbi. Hausarsa ta Zango ba ta raba mace da namiji, kowa "ka" ne a wurinsa, har Zalia. Duk hanya Kaneng na karanta masa dokokin wurin likita: a bar tazara tsakanin dawakai a layi, a cire sirdi, in likita ya ɗora abin sauraro a jikin doki kowa ya kama bakinsa. Mahamudu ya ce ya ji, ya ƙara ƙarar rediyo.

Zangon farko ya yi mata daɗi har ta ji tsoro. Yashi ne da itatuwa, Zalia na sheƙa gudu kamar an biyo ta. Sai dai a rafin farko ta kau da kai daga ruwa. A na biyu ta tsoma baki ta ɗago. Kaneng ta gani sarai, ta ce a ranta zumuɗi ne, ta saki linzami.

A wurin dubawa Mahamudu na jira da bokiti. Suka zuba wa goɗiyar ruwa a wuya, suka shiga layi. Likitar wata doguwar mata ce mai furfura. Tana ɗora abin sauraro Mahamudu ya gyara murya ya soma gaishe ta da aiki da gajiya, don a wurinsa tsayawa gaban babban mutum ba gaisuwa rashin tarbiyya ne. Kaneng ta taka masa ƙafa. Likitar ta sake ƙirga bugun zuciyar daga farko, ta sa aka yi sassarfa da Zalia aka dawo, ta daɗe tana sauraren cikinta. Sai ta ɗago ta tambayi Kaneng da Turanci yaya goɗiyar take, tana ci tana sha?

Kaneng ta ce lafiya lau, ba matsala. Bakinta ne ya faɗa kafin ta yi tunani, yadda ake amsa ina kwana. Likitar ta ce cikin ya ɗan yi shiru, amma tunda tana sha, su huta su ci gaba.

Suka koma gindin bishiya. Kaneng ta kasa zama. Ta ɗaga sirdi ta ajiye, ta kwance igiyar takalminta ta sake ɗaurewa, tana kallon waɗanda suka riga ta suna hawa suna wucewa. Saura rabin tafiya. Zalia ta sunkuyar da kai gaban bokiti, ruwan yana nan yadda aka kawo shi.

Mahamudu ya shafa wuyan goɗiyar yana murna. "Sista, ka gani? Likita ya ce mu tafi. Jikin da sauƙi ke nan."

Kaneng ta tsaya da sirdi a hannu. Kunya ta kama ta, sannan tsoro. Ita da ke yi wa marasa lafiya faɗa, su ko ba komai jikinsu ne suke rufa wa asiri. Ita kuwa ta amsa ne a madadin wadda ba ta da bakin ƙaryata ta.

Ta ajiye sirdin, ta ja Zalia ta koma ƙarshen layi, ta bar tazara yadda aka koya mata. Layin bai taɓa yi mata tsawo haka ba. Da aka zo kanta ta ce ɗazu ba gaskiya ta faɗa ba, goɗiyar ba ta sha ruwa ba tun safe. Likitar ba ta yi mata faɗa ba. Ta sake sauraren cikin, ta matse fatar wuyan, fatar ta tsaya ba ta koma ba. Nan take aka cire su daga gasar, aka rataye jakar ƙarin ruwa a reshen bishiya, aka soka wa Zalia allura a wuya.

Kaneng ta tsaya riƙe da igiya tana kallon ruwan na ɗiga. Mahamudu ya zo da shayi a kofin takarda, ya rage murya irin ta mai dubiya, ya ce yaya jikin dokin.

"Babu sauƙi tukuna, Baba Mahamudu," in ji ta.

Dattijon ya dube ta, don bai taɓa jin an amsa haka ba. Ya rasa addu'ar da ta dace da wannan amsar, sai ya ajiye kofin a ƙasa, ya tsaya kusa da ita.