Sakan Ɗaya da Rabi

A ofis ana ce masa Mai Agogo, kuma sunan ya bi shi har wasu sun manta na gaskiyar. Ɗakinsa ne na ƙarshen lungu, kusa da inda ake ajiye tsintsiya, ko taga babu. A kan teburinsa wayoyi goma sha biyu ne a jere, kowace da igiyar cajinta, daga mai tsada har mai fasasshen gilashi. Aikinsa guda ne: ya buɗe shafin intanet da kamfani ya gina, ya danna agogo, ya rubuta sakan nawa shafin ya ci kafin ya bayyana. In ya haura sakan uku sai ya mayar wa masu ginin kayansu, ya ce su rage nauyin hotuna, mutane ba sa jira. Wa ke son mai kawo masa gyara? Shi ya sa kullum shi kaɗai yake cin abincin rana.

Aikin yana da doka ɗaya, wadda shi da kansa ya rubuta ya manna a bango: kafin kowane awo, a goge abin da waya ta ajiye. Wayar da ta taɓa buɗe shafi ta haddace shi, in ka sake tambayarta ƙarya za ta yi maka.

Bara matarsa ta rasu. Bai iya zaman kallon kayanta ba, sai ya kwashe ya rabar cikin mako guda, bai shawarci kowa ba. 'Yarsu tilo, wadda yake kira Uwata, ta dawo daga garin da take aikin jinya ta tarar da ɗakin wayam. Ta faɗa masa magana mai zafi, shi ma ya mayar, ta ɗauki jakarta ta tafi. Tun ranar ba wanda ya kira wani.

Bakinsa bai iya ba da haƙuri ba, amma hannunsa ya iya aiki. Ya tattara hotunan marigayiyar guda ɗari biyu da 'yan kai, ya gina musu shafi, a can ƙasa ya rubuta wa Uwata wasiƙar da ta ci masa kwana tara. Da ya zo rage nauyin hotunan sai hannunsa ya ƙi. Wanzami ba ya son jarfa: mutumin da ya shekara goma yana sa a matse hotunan wasu ya kasa taɓa ko gefen fuskar matarsa. Ya bar su yadda suke, ya tura wa 'yar adireshin shafin, ko kalma bai ƙara ba.

Wata uku shiru. Kowace safiya yakan buɗe shafin a wayarsa ta aljihu, ya danna agogo saboda sabo. Sakan ɗaya da rabi, matarsa ta bayyana tana dariya. Shafi lafiya lau. Ya ce a ransa shiru ma amsa ce, yarinyar ta karanta ta ƙi yafewa. Abin yana cinsa, kuma ba shi da wanda zai gaya wa.

Wata Talata da hantsi aka kawo masa sabuwar waya mai araha ya haɗa cikin na gwaji. Dattijuwar da ke share ofis tana ciki tana goge-goge. Ya kashe intanet ɗin ofis, ya bar wayar a kan ɗan sabis ɗin da ke shigowa lungun, yadda ya saba gwaji. Ya rasa abin da zai fara buɗewa, sai yatsunsa suka rubuta adireshin da suka saba.

Allo ya yi fari. Sakan biyar. Goma. Ashirin.

Dattijuwar ta leƙo ta kafaɗarsa. "Malam, me kake kallo haka? Ai ba komai a ciki."

"Yana zuwa, Iya."

"Wallahi kana da haƙuri. Ni da tuni na ce ta lalace na jefa ta jaka."

A minti biyu da sakan goma saƙo ya fito cewa shafin ya kasa buɗewa. Ya sake gwadawa sau uku, duk kanwar ja ce. Ya ɗaga kai ya ga takardar da ke bango da rubutun hannunsa. Wata uku yana tambayar wayar da ta haddace, tana gaya masa abin da yake son ji. Kunya ta rufe shi, sai kuma tsoro ya biyo baya.

Ya fita tsakar ofis inda sabis ya fi ƙarfi, ya nemo lambar Uwata. Ya danna kira. Ta yi ƙara sau bakwai, ya ƙirga su duka.

"Baba?"

"Uwata. Abin da na turo miki... kin buɗe?"

Yana jin ƙarar keken marasa lafiya yana wucewa a bayanta.

"Kullum ina buɗewa, Baba. In na tashi aiki sai in zauna in jira. Fari ne kawai." Muryarta ta karye. "Na zaci abin da ka ga dama ka aiko min ke nan. Na ce ka share ɗakinta, ni ma ka share ni."

Ya dafa bango. Ma'aikata na wucewa da kofunansu, ba wanda ya kula shi.

"Akwai wasiƙa a ƙasa," ya ce. "Ki bari in gyara shafin, zuwa gobe..."

"A'a, Baba. Na gaji da jira. Kana da baki, ka karanta min yanzu."

Ya laluba aljihu don ya buɗe wasiƙar, sai ya tuna wayar tana kunnensa. Ashe ba ya ma bukatarta, shi ma ya haddace. Ya share hawaye da bayan hannu, ya fara daga layin farko.