Barkanmu da Hantsi

Shekara tara ina gabatar da shirin ƙarfe goma na safe, wanda Manaja ke kira lokacin marasa aikin yi. Ma'aikata sun tafi ofis, yara suna aji, sai teloli da masu jinya da tsofaffi ke kusa da rediyo. Ban taɓa jin haushin tsiyar ba, don a cikin tsofaffin nan akwai Baba.

Tun da mantuwa ta kama shi, Baba ya daina gane fuskata. In na shiga ɗakinsa sai ya gyara hula ya ce, "Sannu da zuwa, baiwar Allah." Amma Yaya, wadda ke jinyarsa, ta ce da na furta "Barkanmu da hantsi" a rediyo sai ya ɗaga yatsa: "Ku yi shiru, Auta ce." Awa guda ke nan kullum da nake 'yarsa.

Wata Litinin Manaja ya kira ni, ya baje takardar masu ƙididdiga a tebur. Layin da ke nuna yawan masu sauraro ya hau da safe, ya kwanta da hantsi, ya miƙe da yamma.

"Muryarki ta fi ƙarfin wannan rami," in ji shi. "Ƙarfe bakwai na yamma ya zama naki."

Ba zan ɓoye ba, na yi murna har da 'yar rawa a bayan ƙofa. Yaya ce ta tuna min cewa daga la'asar kan Baba yake rikicewa, ko sunansa ba ya amsawa.

"Wannan ai mai sauƙi ne, Yaya," na ce. "A naɗi shirin, a sa masa da safe."

Haka muka yi. Ta ɓoye waya a bayan rediyonsa, ina zaune a gefen gado. Muryata ta fito tangaran: "Barkanmu da yamma." Wallahi ko kaɗan gaisuwar ba ta zo mana a rai ba.

Baba ya dubi ranar da ke kan labule, ya daɗe yana kallo.

"Wannan ba Auta ba ce," ya ce. "Auta ta san lokaci."

Washegari na naɗi sabo, da hantsinsa da komai. Ya saurara kaɗan, ya ture rediyon.

"Mai kwaikwayon jiya ce."

Na koma wajen Manaja, ya ce an riga an ba wata shirin goman, kuma shi bai taɓa ganin wanda ya roƙi a mayar da shi baya ba.

Yanzu da yamma layukan wayarmu ba sa hutawa, har a motar haya ana gane muryata. Da hantsi kuwa ba ni da aiki, sai in je in zauna da Baba. Jiya, da goma ta wuce, ya juyo gare ni.

"Baiwar Allah, in kin san gidan rediyon nan, ki tambayo min ko lafiya. Yarinyar ba ta taɓa makara ba."

Na ce masa zan tambayo.