Ƙaramin Lagireto

Su uku ne a gidan, a unguwar masunta ta Wara, bakin tafkin Kainji. Akwai Mamuda, direba, mai kai bandar kifi kasuwar Yelwa ta Yawuri a wata tsohuwar akori-kura da har lokacin lambar Sakkwato ce a jikinta, ko da yake an shekara biyu da yanke Jihar Kebbi. Akwai matarsa Barira. Sai 'yarsu Hafsatu, mai shekara tara. A da su biyar ne. Ciwon sikila ya ɗauke yayyenta maza biyu, ɗaya bayan ɗaya, ita ma kuma da shi aka haife ta.

Ba su rasa tuwo ba, ba su rasa sutura ba. Abin da suka rasa shi ne hanyar kai yarinyar asibiti ba tare da sanyi ya ƙara mata ciwo ba. Da damina ciwon ya fi tasar mata, kuma a Yelwa ne kaɗai ake iya ƙara mata ruwa da jini. Tafiyar awa uku ce idan hanya ta jiƙe. Iska na shigowa ta ƙasan ƙofa, ƙarfen motar ya yi sanyi kamar randa, kafin su isa ƙafafunta sun sandare tana cizon zanen innarta. Malamar asibiti ta sha gaya musu su riƙa ɗumama ta. Barira ta taɓa shiga da kaskon garwashi gaban motar, hayaƙi ya kusa kashe su duka.

Wata rana Mamuda ya tafi da Hafsatu garejin Markus, wani Bakambare da ya koyi kanikanci a Kontagora, don a duba masa birki. Tana zaune a gaba, ta ga wani ɗan maɓalli da ake turawa hagu da dama, gefe guda shuɗi, gefe guda ja.

"Baba, wanga na mi ne?"

"Ado ne," in ji Mamuda. Shekara shida yana tuƙa motar bai taɓa taɓa shi ba.

Markus ya leƙo daga ƙarƙashin mota. "Wane irin ado? Hita ce. Don sanyin ƙasar Turawa anka sa ta." Ya ɗaga bonet, ya nuna musu wani tiyo da aka lanƙwasa ya koma inda ya fito. Ya ce a bayan dasbod akwai wani ƙaramin lagireto. Ruwan zafi na injin yana bi ta cikinsa, fanka ta hura, ɗumi ya sauka a ƙafar mutum. Idan ya fara yoyo, ba wanda ke wahalar gyara shi a ƙasar nan. Sai a cire tiyonsa biyu a haɗa su da juna. Kanikawa na cewa an kashe shi.

Mamuda ya daɗe yana kallon tiyon. "In an kashe, ana iya tada shi?"

"In ka samo wani. Naka ya ruɓe tun kafin a haifi uwata." Haka yake kiran Hafsatu, don sunan mahaifiyarsa ne da ita, in ji shi, duk da kowa ya san sunan tsohuwar Hannatu.

Nema ya ɗauki wata biyu. A tashar Yelwa direbobi suka samu abin dariya.

"Hita a Yawuri? Mamuda, kifin za ka riƙa bandawa a hanya?"

"Ku bar shi, gwamna zai aike shi Ingila."

Bai bayyana musu dalili ba. Daga baya wani ya ce masa akwai irin motarsa a Shanga, ta faɗi tun bara, tana bayan injin casar shinkafa kaji na kwana a ciki. Ya je. An riga an kwashe duk abin da ke da amfani a jikinta, amma ba wanda ya kula da ƙaramin lagireto. Ya dawo da shi naɗe cikin buhu, ya ajiye a ɗaka kusa da tabarmar sallarsa.

Ranar aikin Hafsatu na da sauƙi, sai aka bar ta ta zauna a benci ta yi kallo. Markus bai fara da mota ba. Ya cika daro da ruwa, ya toshe baki ɗaya na lagireton da yatsa, ya nutsa shi, ya hura ɗaya bakin har jijiyar wuyansa ta tashi.

"Uwata, idonki ya fi nawa. Kin ga kumfa?"

Ta sunkuya ta duba ko'ina. "Babu."

"To mai rai ne."

Sai suka shiga kwance dasbod. Noti bayan noti, Markus yana jera su a kan kwali yadda suka fito, don kada a ruɗe wajen mayarwa. Ya kwanta a kujera kansa a ƙasa, ƙafafunsa a waje, yana zagin wanda ya ƙera motar da Kambarci. Suka tarar da sheƙar ɓera da ɓawon gyaɗa. Da tsohon lagireton ya fito, ya yi kore, yatsa ma na huda shi. Azahar ta wuce kafin sabon ya zauna a mazauninsa.

Kafin a haɗa tiyo, Markus ya ce a wanke babban lagireto na gaba. Ya kwance ƙasansa. Abin da ya zubo ba ruwa ba ne, wani kauri ne kamar kunun da ya kwana.

"Direba, mi ka ke ba motar ga?"

Mamuda ya sosa ƙeya. Kowane direba a hanyar nan ya san dabarar: idan lagireto ya fara ɗiga, sai a zuba masa garin kwaki, ya kumbura a ruwan zafi ya toshe hujin.

"Daga yau ta bar cin kwaki," in ji Markus. Ya ɗauki tsohon ƙaramin lagireton, ya nuna masa hanyoyin ruwan da ke ciki, sirara kamar tsinken tsintsiya. "Babban yana iya haɗiyewa. Ƙaramin ba ya iyawa. Hannu guda ya isa ya shaƙe shi." Ya ƙara da cewa babban ma ya tsufa. Ya liƙe masa wuri biyu da dalma, amma a nemi wani. Ɗan famfon da ke rufe ruwa zuwa hita kuwa tsatsa ta cinye shi, sai ya bar hanyar a buɗe, ya ce kafin bazara zai samo wani.

Da la'asar aka tada injin. Suka jira allurar zafin injin ta ɗan hau. Mamuda ya ɗauki Hafsatu ya zaunar da ita, ya tura maɓallin zuwa ja, ya kunna fanka. Ƙura ta fara fitowa, sai wari, sai kuma wani ɗumi mai laushi ya sauka a ƙafafunta. Ta ɗaga su da sauri, ta sake mayarwa.

"Baba, kamar murhun Inna!"

Mamuda ya juya ya tafi bayan mota, ya daɗe yana duba tayar da ba abin da ya same ta.

Sati uku bayan haka marka ta sauka. Kwana biyu ba a ga rana ba, tafki ya yi toka-toka, masunta suka ja jiragensu tudu. Ciwon ya fara wa Hafsatu a gwiwa, ya hau baya, idanunta suka yi rawaya. Ana idar da sallar asuba suka kama hanya. Barira ta zauna a bakin ƙofa da ƙunshin kayan jinya a cinyarta, Hafsatu a tsakiya, ƙafafunta a ƙarƙashin dasbod.

Ɗumin ya zo. Bai ɗauke ciwon ba, amma ya hana shi ƙaruwa. Kukan ya koma nishi, nishin ya yi ƙasa, har ta iya cewa a ba ta ruwa. Barira ta dubi mijinta.

Sun wuce rabin hanya ruwa ya ɓoye wani rami. Motar ta faɗa ciki ta fito, ba a daɗe ba allura ta fara hawa. Mamuda ya tsaya, ya fita cikin ruwan sama ya ɗaga bonet. Ta ɗan tsagin da ke ƙasan bonet ɗin Hafsatu na hango hannayensa. Dalmar ta tsage, ruwa na tsartowa. Ya jira injin ya huce, ya cika da jarkar da ke baya. Ba su yi nisa ba allura ta koma sama. Ya sake cikawa. A karo na uku jarka ta ƙare, sai da ya ɗebi ruwan kududdufi ya tace da hularsa.

A duk tsayawa injin na kashe, fanka na kashe, sanyi na shigowa. Babu mota gaba, babu baya. Daji ne da gonakin gero, ruwa na dukansu. Hafsatu ta koma cizon zane.

"Malam," in ji Barira, "leɓenta ya yi fari."

Ya tsaya a bakin taga, ruwa na zuba daga gemunsa. Ya dubi yarinyar. Ya dubi ƙunshin da ke cinyar Barira.

"Kin zo da kwaki?"

Ta zo da shi, shi ne abincin masu jinya. Amma tana nan lokacin da ya dawo daga gareji yana ba ta labari, ta san abin da Markus ya ce. Ta riƙe ƙunshin.

"Kaɗan zan sa," in ji shi. "Ba lallai ya kai can ba."

Ta kwance masa. Ya ɗebi hannu guda, ya tafi. Ya dawo ya ɗebi na biyu.

Yoyon ya tsaya. Allura ta zauna a tsakiya, motar ta kama tafiya. Ɗumin ma ya dawo, Mamuda ya ce alhamdu lillahi da ƙarfi. Amma Hafsatu ce ƙafafunta ke wurin, ita ta fara jin yana raguwa. Ya koma kamar numfashin mutum. Ya koma kamar iskar ɗaki. Daga nan fanka ta ci gaba da hurawa, abin da take hurawa kuwa sanyin waje ne, yana shiga ƙashinta kamar allura.

Mamuda ya ƙara wa fankar ƙarfi. Ya tura maɓallin zuwa shuɗi ya dawo da shi ja. Ya doki dasbod da tafin hannu.

"Hafsatu, da ɗumi ko?"

Idonsa na kan hanya. Ta dubi gefen fuskarsa, da garin kwakin da ya manne a yatsunsa bisa sitiyari.

"Da ɗumi, Baba."

Ba ta janye ƙafafun ba. Sun yi tafiya mai ɗan tsawo a haka, har Barira ta sunkuya za ta gyara mata zane, hannunta ya taɓa su. Ta miƙa hannu ta kashe fankar da kanta. Ta cire mayafinta, ta jawo ƙafafun bisa cinyarta ta naɗe, ta rufe da tafukanta biyu. Mamuda ya ji ƙarar fanka ta ɗauke. Bai juyo ba, bai tambayi dalili ba.

Rana ba ta fito ba har suka hango rufin kwanon Yelwa. A ƙofar asibiti ya ɗauki Hafsatu a kafaɗa, rigarsa jiƙe, jikinsa na rawa fiye da nata.

"Za mu koma wurin Markus," ya ce mata. "Abu kaɗan ne. Wanke shi kawai za a yi."

"To, Baba."

Ta kwantar da kai a wuyansa. Ta gane hitar ta mutu. Ta gane babanta ya sani tun kafin ya zuba garin, kuma ya zuba ne don ba wata hanyar kawo ta nan da rai.